Idon Hagu

A Gadarif, bayan gidanmu, ƙarƙashin aduwa,
Landirobar Baba ta shekara sha tara a zaune.
Kaji sun yi kwanci a kujerar direba,
tayoyi sun nutse a baƙar laka har wuya.

Na tashe ta sannu, kamar mai jinyar tsoho.
Injin ya yi tari, ya tofar da baƙi, ya amsa.
Na kankare tsatsa har farcena ya ƙare,
na shafa mata kore irin na ganyen riɗi.
Komai ya koma mazauninsa
sai idon hagu.

Na dama yana nan, gilashi mai kauri, ɗan Ingila,
da zane a cikinsa kamar tsagar kumatun kakata.
Na hagu kuwa rami ne.
Ƙahon sa ya fasa shi a hanyar Doka,
daren da Baba ya ɗauko Inna tana naƙudata.
Da ido ɗaya motar nan ta kawo ni duniya,
bashi ne a wuyana.

Usta Mirgani ya miƙo min na roba cikin kwali:
"Sabo fil, ya fi haske, bai kai kuɗin buhun dawa ba."
Na auna shi a tafina, ba nauyi, ba sanyi.
Na ce, Usta, kama da wane ba wane ba ce.

Na shiga Wad Madani da lamba a rubuce a takardar siminti.
Na bi 'yan gwangwan na Umdurman layi-layi,
inda motoci ke kwance ciki a buɗe kamar ragunan layya.
Can na samu zoben ƙarfe, ya lanƙwashe kaɗan.
A Kasala wani makaho ya shafa, ya sayar min da kwanon fitila,
ya rantse na asali ne, kuma bai yi ƙarya ba.
Gilashin dai shiru.
Wani ya ce Bur Sudan. Wani ya ce, mutu ka huta.
Kuɗin riɗin bana ya tafi a kuɗin mota da ful.

A hanyar dawowa bas ta mace mana kusa da Mai Wurno.
Na zauna gaban wata mai shayi, ina kaɗa ƙafa.
Ta ɗaga murfin sukari don ta zuba min,
rana ta ratsa murfin,
zanen nan ya zubo a kan tabarma.

Na rasa bakin magana.
Na juya shi, na goge da gefen riga,
lambar tana nan, ƙwayar sukari ta maƙale a cikin bakwai.

Hajja Kaltume ta ce, "Na mijina ne.
Da ya rasu, muka cinye motar gaɓa-gaɓa:
ƙofa ta biya makaranta, giya ta biya asibiti.
Wannan kaɗai na hana. Yana kore min ƙuda."

Na zaro abin da ya rage a aljihu. Ta ture hannuna.
"Kawo min faifai mai kyau in rufe sukarina.
Ranar da ka haɗa ta, ka zo bayan isha,
ka kai ni bakin kogi.
Ina so in sake ganin hanya da idonsa."

Mun je.
Na dama fari, na hagu ya ɗan yi ja-ja,
kamar shayin da bai ji madara ba.
Kwari suna ta faɗowa cikin hasken.
Ba ta ce komai ba har muka ji ƙamshin ruwa,
sannan ta dafa gaban motar ta ce,
"Rage gudu, yaro. Shi ba ya sauri a nan."